Wa ke auna ruwan da ke fita a bakin famfonmu? Muhawara kan aikin Farfesa Marc Edwards

Ticha Kemistiri: Salam jama'a. Tunda satin nan gaba ɗaya maganar ruwa ake, bari in kawo muku labarin wani mutum, Farfesa Marc Edwards na jami'ar Virginia Tech a Amurka. Injiniyan ruwa ne amma ba irin masu gina dam ba, shi duk rayuwarsa a cikin bututu ta ƙare, yadda ruwa ke cin ƙarfe da kuma abin da ƙarfen ke zubawa cikin ruwa. Ya koyar a Colorado kafin ya dawo Virginia Tech a 1997. A 2003 yana binciken wasu ƙananan huji da ke ɓullowa a bututun jan ƙarfe na gidaje a yankin birnin Washington, sai ya auna dalma a ruwan wani gida, mitar tasa ta ƙure. Ya sirka ruwan ninki goma ya sake aunawa, ta sake ƙurewa. Ma'ana aƙalla maikirogiram 1,250 a lita ɗaya, alhali dokarsu a lokacin ta ce in aka wuce 15 dole a ɗau mataki, WHO ma 10 ta ce, kuma 10 ɗin ne a ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya. A babban birnin Amurka fa. Kuma ruwan nan garau yake, ba launi ba wari, daga matatar ruwa ya fito lafiya lau, a hanya ya kwaso gubar.

Ɗan Rigasa: Ticha da girman kujerarka, mu da famfon ma sai dai mu gan shi a gidan mutane, ina ruwanmu da bututun Washington. A fara kawo ruwan tukuna sai mu yi maganar dalma. Ni jarka nake saya wajen 'yan garuwa.

Maman Ilham: Kai dai bari ya ƙarasa mana. Malam to me ya jawo, tunda ai bututun sun daɗe a wurin ba ranar aka sa su ba?

Ticha Kemistiri: Yawwa Hajiya, tambayar kenan da ta fito da sunan mutumin. Tsofaffin unguwanninsu bututun da ke shiga gida daga babban layi na dalma ne zalla, sai 1986 aka hana sa sabo. Amma shekara da shekaru ana zuba kulorin a ruwan, shi kuma kulorin yana sa wani ɓawo mai tauri ya kwanta a cikin bututun, kamar ƙanzo a gindin tukunya, ruwa na wucewa ta kai ba ya taɓa dalmar. To kulorin ma yana da tashi matsalar, tun 1974 wani masani a Rotterdam, Johannes Rook, ya gano in ya haɗu da ruɓaɓɓen ganye da dattin kogi yana haifar da sinadarai masu illa irin su kulorofom, shine aka sa dokar rage su. Don a bi wannan dokar sai Washington ta koma amfani da kuloramin a ƙarshen 2000, wato kulorin da aka haɗa da amoniya. Shi kuma ba shi da ƙarfin riƙe ɓawon nan, sai ya fara narkewa, mutane na sha shekara uku ba su sani ba sai da jaridar Washington Post ta fasa ƙwai a Janairun 2004. An gyara wata matsala an ɓallo wadda ta fi ta.

Oga Falamba T/Wada: Ranka ya daɗe ni dai a aikina daga Tudun Wada har Malali da Barnawa ban taɓa tono fayif na dalma zalla ba. Tsofaffin gidaje da kwatas kwatas galbanaiz ne, sababbi kuma kowa roba yake sawa yanzu, PVC ko PPR. Don haka kar a tsorata mutane.

Dakta Maimuna: Oga gaskiyarka a rabi. Galbanaiz ɗin da kake faɗa, tsohon shafen zinki da ke jikinsa akwai dalma a ciki. Kan famfo da bawul da sauran kayan haɗi na tagulla suma ana zuba musu dalma don su yi daɗin sassaƙa a inji, musamman masu arha. Akwai binciken da aka buga a 2021 kan famfunan tuƙa-tuƙa da na unguwa a karkarar Ghana da Mali da Nijar, kusan ɗaya cikin goma na samfurin ya wuce ƙa'idar WHO, kuma daga kayan famfon ne ba daga ƙasa ba. Su da mu kusan kasuwa ɗaya muke sayen kaya.

Oga Falamba T/Wada: Toh Dakta wannan kam ban musa ba, don kan famfo yanzu kala nawa ne a kasuwa, mai gida kuma kullum mai sauƙin zai ce a sa mai. Amma wlh abin da ni nake gani da idona ya fi wannan muni. Fayif ne a kwance cikin kwata, an ɗaure inda ya fashe da robar tayar mashin, ranar da aka ɗauke ruwa fayif ɗin ya zama fanko sai ya riƙa zuƙo ruwan kwatan, ranar da aka kawo kuma shi zai fara isowa gidanka. Wannan ba sai an kai lab ba, hancinka ma zai gaya maka.

Sista Barnawa: Shine amai da gudawa da taifod da muke gani duk damina. Amma bambancin su da dalma, su za su kwantar da yaro yau ka kawo shi asibiti a sa ruwa, ita kuwa shiru take aiki, yaro ya taso jini ba ya isarsa, karatu ba ya zama, a ce daƙiƙi ne ko a ce iska. Kuma abin da ta taɓa a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa. Babu wani adadi da likitoci suka ce wannan ba komai.

Ɗan Rigasa: To shi Farfesan da ya gano sai aka ba shi lambar yabo ko, tunda can ba nan ba ne.

Ticha Kemistiri: Haba, ai nan labarin yake ƙanina. Kwangilar binciken da yake da ita da hukumomi aka yanke. Hukumar CDC, wadda duk duniya ake jin maganarta kan lafiya, ta fitar da rahoto a 2004 mai nuna wai abin bai wani cutar da mutane ba, aka riƙa yawo da rahoton nan har wasu garuruwa ana cewa dalma a ruwa ba abin tada hankali ba ne. Mutumin nan ya ƙi yarda, ya yi shekaru yana rubuta takardun neman bayanai, yana kashe kuɗin aljihunsa, har ya samu sakamakon gwajin jinin yara daga asibitin yara na birnin, shi da wata likita suka buga a 2009 cewa yara sun cutu. Sai a 2010 kwamitin majalisar wakilansu ya bincika ya ce rahoton CDC ɗin ba shi da madogara a kimiyyance. Shekara shida kenan. Kyautar MacArthur ta dala 500,000 da ya samu a 2007 ce ta ɗan fitar da shi daga bashi.

Baba Kakuri: Assalamu alaikum 'ya'yana. Ni ban yi bokon kimiyya ba amma na yi aiki a sashen rini na wata masaƙa har ta rufe. Ruwan da muke sakewa yau ja gobe shuɗi jibi baƙi, da zafinsa da warin soda, ya bi lambatu ya gangara Makera ya faɗa kogin Kaduna, a ƙasa kuma masu lambu na ban ruwan latas da kabeji da alayyahu da shi. Yara 'yan jami'a kuwa ba irin waɗanda ban gani ba, su zo da kwalabe da kula su ɗiba su tafi. Ban taɓa ganin wanda ya dawo ya tara masu lambun ya ce ga abin da muka gani ba. Shine tambayata ga Dakta, ina sakamakon yake zuwa?

Dakta Maimuna: Baba Allah ya ƙara girma, tambayar ta zauna. Yana laburare. Furojet da tesis kan ƙarafa masu guba a kogin Kaduna da rafin Romi da rijiyoyin unguwanni ba su ƙirguwa, daga Zariya har nan cikin gari. Amma ku ji yadda tsarin yake. Ni in ina son ƙarin girma fefa ake ƙirga min, guda nawa na buga kuma a wace mujalla, ba wanda zai tambaye ni ko mai lambu ya ji. Yaro ya biya kuɗin gwaji daga aljihun babansa, samfur goma sha ya iya biya, a rani kawai, ya samu digiri ya tafi bautar ƙasa. Wannan ba zai tsaya gaban hukuma ba ko an kai. Kuma abin mamaki shi kansa Edwards ya rubuta a kan haka shi da ɗalibinsa Siddhartha Roy, cewa tseren yawan fefa da neman kuɗin bincike na lalata kimiyya, har malami ya ji tsoron taɓa hukumar da ke ba shi kuɗi. Can kenan inda ake da kuɗin.

Ɗan Rigasa: Anti Dakta kenan dai tsoro ne.

Dakta Maimuna: Ka kira shi yadda kake so. Shi Edwards yana da kujerar da ba a iya korarsa cikin sauƙi, yana da lab ɗinsa da injin da ke auna dalma komai ƙanƙantarta, yana da gidan da zai jinginar. Ni in na fito rediyo gobe na ce bohol ɗin unguwa kaza akwai guba, mai bohol ɗin da ke sayar wa 'yan garuwa zai fara zuwa gidanmu kafin hukuma ta kira ni. Kuma ba duka masana ne suka yarda da salonsa ba, a 2016 editan wata babbar mujallar kimiyyar muhalli, David Sedlak, ya rubuta yana jan kunnen malamai kan tsallakawa daga bincike zuwa gwagwarmaya, don in jama'a suka fara ganinka a matsayin ɗan wani ɓangare to alƙalumanka ma sun zama na ɓangare.

Ticha Kemistiri: Dakta na ji, amma a duba Flint a gani ko shirun zai yi. Gari ne a jihar Michigan, mutum wajen 100,000, yawanci baƙaƙe kuma talakawa, gwamna ya naɗa musu kantoma saboda bashi. Afrilun 2014 don a rage kashe kuɗi aka cire su daga ruwan Detroit aka koma kogin Flint, kuma ba a zuba otofosfet ba, maganin da ke hana ruwa cin bututu, wanda shi aka zuba a Washington abin ya lafa. Ruwan kogin gishirin kulorayid ya yi masa yawa. Watanni shida kacal kamfanin motoci na GM ya daina amfani da ruwan don yana sa kayan injinsa tsatsa, amma mutane ana ce musu su sha ba komai. Wata uwa, LeeAnne Walters, da taimakon wani ma'aikacin hukumar muhalli Miguel Del Toral, ita ta nemo Edwards a 2015, aka auna ruwan gidanta wani samfurin ya kai maikirogiram 13,200 a lita. Ba wanda ya ba shi izini, ya tara ɗalibansa suka haɗa kwalabe 300 aka raba wa mutanen gari su da kansu suka ɗiba, sama da 250 suka dawo, ya sa sakamakon a intanet kowa ya gani, bai jira mujalla ba. Jami'an jiha suka yi ta masa ba'a. Sai likitar yara Mona Hanna-Attisha ta fito a Satumba da gwajin jini cewa yaran da dalma ta hau musu sun kusa ninkawa. Oktoba aka mayar da su ruwan Detroit.

Maman Ilham: Innalillahi. To su hukumar ba sa aunawa ne duk tsawon lokacin?

Ticha Kemistiri: Suna aunawa Hajiya, yadda ake ɗibar ne. Wannan na cikin manyan abubuwan da ya tona. In kana son dalma ta ɓuya sai ka ce wa mai gida ya buɗe famfo ya zuba na wasu mintuna da daddare kafin a ɗiba da safe, ko ka ba shi kwalba mai ƙaramin baki dole ya buɗe famfon a hankali ɓarɓashin bai taso ba, ko ka cire 'yar rariyar bakin famfon inda ɓarɓashin ke maƙalewa, ko kawai ka je gidajen da ka san ba bututun dalma. Duk takarda za ta fito tsaf. Gwajin gaskiya shine ruwan farko bayan ya kwana aƙalla awa shida a bututu, a buɗe famfon yadda ake buɗewa in za a cika buta.

Maman Ilham: Ni dai tafasawa nake in sa alif ya kwanta, na jarirai kuma fiya wata. Ya isa?

Dakta Maimuna: Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, ki ci gaba. Amma ba ta cire dalma, in ma ruwan ya ƙone sai dai ta ƙara kauri. Alif da 'ya'yan zogale laka suke kwantarwa, kar a dogara da su kan abin da ya riga ya narke. In kina da famfo ko tanki, ruwan farko na safe ki tara a yi wanki ko shara da shi, sai ya ɗan zuba ki ɗibi na sha da na madarar jariri. Maganar alif ma ta tuna min, cikin binciken Edwards akwai inda ya nuna garuruwan Durham da Greenville a North Carolina sun bar alif sun koma wani maganin mai kulorayid, sai dalma ta tashi a gidaje, don salfet ɗin da ke cikin alif yana taimakawa wajen kare mahaɗar bututu, kulorayid kuma yana cinta. Canjin magani ɗaya a matatar ruwa da ba wanda zai ji labarinsa a gari.

Sista Barnawa: Kuma dan Allah kar mu tsaya kan famfo kaɗai. Mu a Arewa babbar masifar dalma da muka gani ba ta ruwan famfo ba ce, Zamfara ce 2010, su Dareta da 'Yargalma da Bagega, ana daka dutsen zinare a tsakar gida ƙura na bin abinci, yara aƙalla 400 suka rasu kafin a shawo kai, kuma likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka fara lura. 2015 aka sake a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a Neja. Mu ma muna da masu haƙar zinare ta Birnin Gwari. Ga masu fasa tsohon batir a bayan gida, ga kwallin dutse da ake ranɓaɗa wa jarirai, wani kusan duk dalma ne. Iyaye mata a yi haƙuri da ni.

Baba Kakuri: Kwalli kuma? Tun kakanni ake sawa 'yata.

Sista Barnawa: Ana sawa Baba, shi yasa nake faɗa a hankali. Yaro zai murza ido ya sa hannu a baki, shikenan ta shiga. A bar wa manya in ya zama dole.

Abban Kawo: Na karanta daga sama. Ticha ka yabi mutumin nan da yawa ka bar ƙarshen. Daga baya ai ya ɓata da wasu daga cikin mutanen Flint ɗin da suka yi gwagwarmaya tare, da ya fara cewa ruwan ya gyaru su kuma suka ce ba su yarda ba, suka rubuta takardar ƙorafi a kansa, shi kuma a 2018 ya maka wasu a kotu kan ɓata suna yana neman dala miliyan 3, alƙali ya kori ƙarar a 2019. Farfesa guda da ƙarar 'yan gwagwarmaya, ni abin bai min ba.

Ticha Kemistiri: Haka aka yi Abba, ƙarar kam ni ma ban ga amfaninta ba. Amma kan maganar ruwan ina bayansa. Mitar da ta ce akwai guba a 2015 ita ce ta ce ta ragu daga baya, in ya faɗi na farko ya ɓoye na biyu don kar a ji haushinsa to me ya raba shi da jami'an da ya yaƙa? Har da ƙungiyar ɗan fim ɗin nan Mark Ruffalo ya yi rigima don suna tsorata mutane da wanka ba hujja, kuma mutum in ya daina wanka da wanke hannu wata cutar ce za ta shigo.

Abban Kawo: Mutanen da aka yi wa ƙarya wata goma sha takwas, 'ya'yansu suka sha guba, mutum 12 suka mutu da cutar huhun nan ta Lejiyonela, ba wani babba da ya tafi gidan yari a kai, sai diyyar dala miliyan 626 da lauyoyi suka yagi rabonsu, kana tunanin za su yarda don mita ta ce? Ana iya faɗin gaskiya ba tare da an kai su kotu ba.

Dakta Maimuna: Nan kam ina tare da Abba. Kuma shine abin da Sedlak ke tsoro ta wata fuskar, ranar da sakamakonka ya saɓa wa mutanenka za su ce an saye ka.

Ɗan Rigasa: To duk mun ji. Ni jarkar da nake saya daga bohol take, bohol ɗin kuma taku kaɗan ne tsakaninsa da masai. A ina ake kai ruwa a auna a garin nan, kuma sai mai kwalin digiri?

Dakta Maimuna: Ko kaɗan. Ga cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa nan a Mando, ga sassan kemistiri na manyan makarantunmu, a Zariya ga cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa. Ka tambaya ko suna da injin AAS mai auna ƙarafa a ruwa kuma ko yana iya ganin ƙasa da maikirogiram 10, don wani injin sai dalma ta yi yawa sosai yake ganinta, sai a rubuta maka ba a samu ba ka tafi da murna. Amma kai da masai ke kusa, gwajin ƙwayoyin cuta da naitiret ya kamata ka fara, ya fi arha kuma shi ya fi kusa da kai. Wannan kwalbarsa daban ce, su za su ba ka wadda aka kashe wa ƙwayoyi, a sa a ƙanƙara a kai ranar.

Oga Falamba T/Wada: In za a yi a haɗa da tankunan sama. Wani tankin tun da na ɗora shi ba a taɓa buɗe shi ba sai in fulot ya lalace a kira ni, abin da nake tararwa a ciki ba zan faɗa ba mutane na cin abinci.

Maman Ilham: Mu a layinmu gida tara ne ke shan bohol ɗaya, zan yi wa matan magana a islamiyya ranar Asabar a yi karo-karo. Sai dai mai bohol ɗin surukin mai unguwa ne, in sakamako ya fito ba daɗi wa zai gaya masa?

Baba Kakuri: Ku fara gaya masa kafin ku ɗiba, ku ce har da iyalinsa ke sha, in ya yarda ma ya sa nasa kason. In takarda ta fito ku kawo min ni zan je, sa'an ƙanina ne.

Dakta Maimuna: Kuma a ɗibi biyu Hajiya, ɗaya a bakin bohol ɗin ɗaya a cikin gida daga randa ko jarkar da ake sha, in ba haka ba ba za a san inda matsalar ta shiga ba. A sake wani in damina ta sauka. Ki min magana ta inbos in tura miki yadda ake rubuta lakabin kwalbar.